Daga Babbaƙu Zuwa Aji Shida: Tarihin Matakan Karatu a Ƙasar Rano da Kibiya

Rano tana ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Tana kudu da birnin Kano, a cikin ƙasa mai duwatsu da fadamu. Kibiya maƙwabciyarta ce, zumuntarsu kuwa tsohuwa ce, har ma dokar da Gwamnatin Jihar Kano ta yi a 2024 ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure a cikin masarauta guda. Mutanen wannan ƙasa galibinsu manoma ne, suna noma dawa da gero da masara da gyaɗa. A cikin labarin mutanen da, Kano da Rano su ake kira Sarakunan Baba, saboda rini. To, kowane marini ya san ba a tsoma zane cikin karofi sau ɗaya a ce ya rinu. Sai an tsoma, an fitar ya sha iska, an sake tsomawa, kana ya kama. Haka karatun yaro yake, bi da bi ake yinsa. Wannan bayani zai nuna yadda aka tsara matakan karatun yara a wannan ƙasa tun daga zamanin allo har zuwa ajujuwan firamare, da abin da yaro yake yi a kowane mataki.

Makarantar Allo

Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru akwai makaranta a ƙasar Kano. Kusan kowane gari yana da malami mai almajirai a zaurensa ko a gindin itace. A wajen 1914, zamanin Gwamna Lugga, an ƙiyasta makarantun allo na Arewa kimanin 25,000, almajiransu kuwa sun haura 200,000.

Wanda ya leƙa makarantar allo ya ga yara zaune a wuri guda, kowa yana ta ɗaga murya, sai ya zaci ba tsari. Alhali kuwa akwai matakai sanannu. Da fari yaro yana koyon Fatiha da gajerun surori da ka, malam yana faɗa yana maimaitawa. Sa'an nan a rubuta masa babbaƙu a allo, watau haruffa tsiraru ba wasali, ya riƙa nuna su da yatsa yana kiran sunayensu da Hausa, kamar su alu, da lam jaye, da mim jaye. In ya san su sarai, sai a shiga farfaru, a sa wa haruffa wasulla. Daga nan ya fara haɗa baƙi yana karantawa da kansa. In ya iya abin da ke allonsa ya biya wa malam, a ce ya wanke, a rubuta masa na gaba. Da hannunsa ya yi ƙwari sai ya fere alƙalaminsa na kara, ya dama tawadarsa, ya riƙa rubuta wa kansa. Haka zai yi ta tafiya izu izu har ya cika sittin, a yi masa allon zayyana, a yi walimar sauka.

Su ma almajirai suna da sunaye gwargwadon girmansu: ƙarami kolo ne, na tsakiya titibiri, babba gardi. Wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi ya zama alaramma, wanda ya ƙware ƙwarai a ce masa gwani. Gardawa su ke taimakon malam wajen biya wa ƙanana. Ana hutawa Alhamis da Juma'a, ran Laraba kuwa iyaye su aika wa malam ɗan abin da ya sawwaƙa. Mai son ya ƙara gaba bayan sauka sai ya shiga makarantar ilmi, ya fara da ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi, kana ya kai ga Iziyya da Risala.

Abin lura a nan shi ne, a makarantar allo ba shekara ke ciyar da yaro gaba ba. Iyawarsa ke ciyar da shi. Ba a wanke allo sai an iya abin da ke kansa. Yara biyu da suka shiga rana ɗaya, wani ya sauke cikin shekara huɗu, wani sai ya yi goma. Amfanin wannan shi ne ba a gina sabon karatu a kan wanda bai zauna ba. Aibinsa kuwa, yaro mai nawa yana iya daɗewa a allo guda ba wanda ya ƙidaya masa lokaci, kuma lissafi da sanin ƙasashe ba su cikin abin da ake koyarwa.

Zuwan Boko

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Gidansa yana nan har yau, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Ya fara da koya wa malaman allo rubutun boko da lissafi, domin su zama masu koyarwa, sa'an nan aka kawo 'ya'yan sarakuna, aka kuma buɗe sashen sana'a. Da Hausa ake koyarwa.

Sabon abin da wannan makaranta ta zo da shi bai tsaya ga haruffa ba. Ta zo da aji, watau a tara yara tsara guda a ɗaki guda, su fuskanci allon bango guda, su yi darasi guda a lokaci guda. Ta zo da ƙararrawa, da jadawali mai raba yini darasi darasi, da rajista ta kiran suna, da jarrabawa a ƙarshen shekara. Tun daga ranar nan shekara ta shiga cikin ma'aunin karatu.

A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, don horar da malaman da za su koyar a larduna. Wajen 1930 kuma aka sake tsari: aka yi makarantar elementare mai aji huɗu, bisanta makarantar Midil a babban birnin lardi. Midil ta Kano ita ce ta zama Kwalejin Rumfa. A wannan lokaci ne kuma, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara koya wa 'yan mata boko a birnin Kano. Elementare a hannun En'e take, ita ke gina ta, ita ke biyan malamai, kuma a garuruwan hakimai aka fi kafa ta. Rano a lokacin gunduma ce cikin gundumomin En'e ta Kano, saboda haka tsarin nan shi ya hau kan yaran ƙasarta.

Jama'a ba su karɓi abin da murna ba. Hakimi ke umartar dagatai su kawo yara, iyaye da yawa kuwa suka riƙa ɓoye nasu, don tsoron kada boko ta raba su da addini, don kuma ba su son rasa hannu a gona. Tun da ba takardar haihuwa, yadda ake gane yaro ya isa shiga shi ne a ce ya ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo, an ɗauke shi.

Abin da Ake Yi a Elementare

A aji ɗaya aikin yaro shi ne sanin haruffa da ƙidaya. Sau da yawa a ƙasa yake fara rubutu da yatsa, kana a ba shi ɗan allo da alli. Yana koyon wasulla biyar, sa'an nan ya haɗa su da baƙaƙe: ba, be, bi, bo, bu. Ƙidaya kuwa da tsakuwa ko ƙirare ake yinta. Wanda ya riga ya yi babbaƙu da farfaru a wurin malaminsa na gida yakan kama da sauri, don ya san ma'anar haɗa baƙi da wasali, sai dai ya saba da rubutu daga hagu zuwa dama.

A aji biyu yana karanta gajerun jimloli, ana yi masa shifta, watau malam ya faɗa shi kuma ya rubuta, yana kuma yin tarawa da ɗebewa. A aji uku sai a ba shi littafin rubutu da tawada, ya shiga sau da rabawa, ya fara labarin ƙasa, daga garinsu zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi. A aji huɗu ana so ya iya rubuta wasiƙa, ya karanta labari mai tsawo ya faɗi abin da ya fahimta, ya kuma yi lissafin kuɗi da na awo.

Lissafin kuɗi na wancan zamani ba wasa ba ne. Kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam. Misali, in an ce wa yaro mudu 5, kowane a kan kwabo 7, sai ya fara samun kwabo 35, kana ya mai da shi sule 2 da kwabo 11. Awo ma haka: inci 12 ke ƙafa, ƙafa 3 ke yadi, yadi 1,760 ke mil. Yara sun sha wannan wahala har 1973, da naira da kwabo suka zo, lissafi ya koma goma goma.

Ban da waɗannan, kowane aji yana da darasin addini da Larabci, da na tsabta, inda ake duba farce da haƙori da tufafi da safe, da wasannin motsa jiki, da aikin hannu kamar saƙar tabarma da tufkar igiya, da gonar makaranta. Turanci kuwa sai a Midil ake shigarsa sosai. 'Yan kaɗan da suka ci jarrabawa su ke tafiya birnin Kano su zauna a makarantar kwana. Sauran su koma gida, waɗansu su zama malaman haraji ko na kasuwa ko na alƙali, waɗansu su koma gona da karatunsu a ka.

Da fari babbar matsala ita ce rashin abin karantawa. Yaro ya iya haɗa baƙi, amma ba littafi. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga 1937 zuwa 1939 aka buga Magana Jari Ce, littafi uku, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Waɗannan suka zama abin karatun manyan ajujuwa shekara da shekaru.

Aji Bakwai, Sa'an Nan Aji Shida

A shekarun 1950, da 'yan ƙasa suka fara riƙe ma'aikatu, Aliyu Makaman Bida ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa, bayansa Alhaji Isa Kaita. Aka canja tsari, aka yi ƙaramar firamare mai shekara huɗu, da babbar firamare mai shekara uku, jimla bakwai. Ƙaramar firamare takan samu a garuruwa da dama, amma babbar ba ta da yawa, sai yaro ya ci jarrabawa a aji huɗu kana ya tafi, sau da yawa a wani gari. Nan ne yara da yawa suke tsayawa, musamman 'yan mata. A babbar firamare Turanci ke zama harshen koyarwa, ɗan aji bakwai kuwa yakan iya rubuta takardar neman aiki. A wannan zamani ne kuma aka tashi Yaƙi da Jahilci don manya, makarantun Islamiyya kuma suka fara yaɗuwa a Kano, suna koyar da addini da benci da allon bango, aji aji.

An kafa Jihar Kano a 1967. A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE. An yi tanadi don yara miliyan 2.3 su shiga aji ɗaya a ƙasa duka, sai ga kimanin miliyan 3 sun zo. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba suka samu, wannan kuwa alheri ne babba. Amma malamai ba su isa ba, sai aka riƙa horar da su cikin gaggawa. Ɗakuna ma ba su isa ba, har waɗansu ajujuwa suka koma gindin itace. Daga nan firamare ta koma shekara shida. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gidansu ko na garinsu a shekarun farko, kana a koma Turanci. Ita ce kuma ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982.

A ƙasar Rano wani abu ya faru dab da wannan lokaci. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a gefen Kogin Kano. Arziki ya ƙaru, amma aikin gona da a da yake ɗauke yaro daga aji da damina kaɗai, a wuraren da ruwan ya kai sai ya zama yana iya ɗauke shi da rani ma.

A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi dokarsa a 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Aka kasa shekarun kashi uku, aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sa'an nan ƙaramar sakandare. A 2019 Gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole, a 2024 kuma ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, saboda lalacewar ɗakuna da ƙarancin malamai da kujeru.

Inda Gizo Ke Saƙar

Tsani yana nan da matakansa shida, amma tun daga cunkoson 1976 wata ɓaraka ta bayyana. Idan yara sun yi wa malami yawa, ba ya iya sauraron kowa ɗaya ɗaya. Shekara ta ƙare, aji duka ya ci gaba, da wanda ya iya da wanda bai iya ba. Yaron da ya rasa makonnin haɗa baƙi a aji ɗaya, saboda shuka ko girbi ko talla ko zazzaɓi, sai ya isa aji biyu ya tarar ana shifta. A aji huɗu ya tarar littattafai sun koma Turanci, alhali bai iya karanta Hausa ba tukuna. Sai ya koma kwafar abin da ke allon bango kamar mai zane, littafinsa cike, kansa wayam. Iyaye suna ganin yaro yana hawa aji, suna zaton yana karatu. A ƙarshe in uba ya miƙa masa wasiƙa ya kasa karantawa, sai ya ce boko ba ta da amfani, ya hana ƙannensa zuwa. Ta haka hasarar yaro guda take zama ta gida duka.

Masana ilmi sun nemi maganin wannan. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta fito da wata dabara: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko jimla, ko labari, sa'an nan a ware wani lokaci kullum a zaunar da yara rukuni rukuni bisa ga iyawarsu, ba tare da duba ajinsu ba. Wanda ya iya matakinsa sai ya koma rukuni na gaba. A 2019 aka fara gwada wannan a Jihar Kano, a Wudil da Dawakin Tofa, da yaran aji huɗu zuwa shida, ana fara karatun da Hausa. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane dabarar nan da gani, domin ita ce ƙa'idar malam ta cewa ba a wanke allo sai an iya.

Abin da Uba ko Uwa Za Su Duba

Wanda ya yi ajin manya ya iya karatu, ya sami abin da iyayen 1930 ba su da shi, watau ikon auna ɗansa da kansa. Awon kuwa ba shi da wuya.

Ɗan aji ɗaya, a ƙarshen shekara, ya kamata ya san haruffa, ya haɗa baƙi da wasali, ya rubuta sunansa, ya ƙidaya abin da aka zube masa. Ɗan aji biyu ya karanta gajeriyar jimla, ya rubuta kalmomin da aka faɗa masa, ya tara ya ɗebe. Ɗan aji uku ya karanta ɗan labari da Hausa, a rufe littafin ya faɗi abin da ya faru, ya kuma san sau. Wannan aji shi ne mahaɗa, domin kafinsa yaro yana koyon karatu ne, bayansa kuwa da karatun zai riƙa koyon sauran abubuwa. Ɗan aji huɗu ya yi rabawa, ya karanta Turanci mai sauƙi. Ɗan aji biyar ya san rabi da kwata da kashi cikin ɗari, ya auna da mita da kilo, ya nuna Kano a taswirar Nijeriya. Ɗan aji shida ya rubuta wasiƙa mai ma'ana, ya lissafa kuɗin taki da na ƙwadago da abin da gona ta bayar, ya faɗi ko an ci riba.

Kada a tsaya ga duban littafin yaro, domin kwafa ba ta nuna iyawa. A ba shi abin da bai taɓa gani ba, kamar takardar maganin asibiti ko rubutun jikin buhun taki, a ce ya karanta. In ya kasa, duka ba zai koya masa ba. A je a ga malaminsa cikin mutunci, a tambayi inda ya tsaya, a koma can a faro, ko da yana aji biyar ne. Kwata ɗaya na awa bayan sallar magariba, kullum, ya isa ya gyara abu mai yawa. A kuma yi ƙoƙari kada a cire yaro daga aji a makonnin farko na shekara, domin a nan ake aza harsashi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutanen Rano da Kibiya sun gaji makaranta iri biyu. Allo ya koya musu kada a wuce abin da ba a iya ba, boko ta koya musu ƙidayar lokaci da faɗaɗa fannoni. Gidan da ya riƙe duka biyun, yaransa za su fita aji shida da karatun aji shida. Allah ya ba iyaye ikon kula, ya ba malamai haƙuri, ya sa wa yara albarka, amin.